Yadda ake wanke jikin tirela, kwantena da bangon gini da injin tafi-da-gidanka

Duk wanda ya taɓa yada zango a Tafa ko Mararrabar Jos ya san yadda ake wankin babbar mota a wajenmu. Yaro yana kan tsani, bokiti yana ƙasa, an ɗaure soso a bakin doguwar sanda, wani kuma yana watso ruwa da kwano. Kafin su zagayo ɗaya gefen, na farko ya bushe da sawun omo a jikinsa, yaran sun jiƙe sharkaf, kafaɗa ta gaji. Aiki ne na neman halak, amma yana cin jiki, yana cin ruwa, kuma yana cin fentin mota.

Injin wanki da ake turawa ko a ɗora a mota a kai shi inda aikin yake ya rage wannan wahala ƙwarai. Sai dai na lura yawancin masu sayensa tambaya ɗaya suke yi wa mai shago: ƙarfinsa nawa? A ganina nan ake fara yin kuskure. Abin da ke fitar da datti daga jikin tirela shi ne wadataccen ruwa, da sabulun da ya dace, da 'yan mintocin da aka ba shi ya jiƙa, da buroshi. Ƙarfin feshi na biye da su ne, kuma shi ne ya fi saurin jawo asara idan aka sake masa.

Mataki na 1: San irin injin da aikinka ke buƙata

Iri biyu ne manya. Na farko shi ne injin feshi mai bindiga, wanda kowa ya sani a wuraren wankin mota. Tun 1950 Bajamushen nan Alfred Kärcher ya ƙera na farko mai ruwan zafi a Turai, kuma har yau sunansa na kan irin waɗannan injina. Abu biyu ake dubawa a jikinsa: ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bar, da yawan ruwan da yake fitarwa a minti ɗaya. Ƙananan na gida masu famfon roba, waɗanda ke ba da lita 6 ko 7 a minti, na wanke babur ne da ƙaramar mota. Idan ka sa su a tirela za ka yini kana zana layi a jikin ƙura, kuma ba za su yi ƙarko ba. Na babbar mota ya kasance yana ba da lita 15 zuwa 21 a minti, da ƙarfin bar 150 zuwa 200, famfonsa mai fistin uku na tangaran da kan tagulla, irin waɗanda kamfanonin Italiya kamar Interpump da Annovi Reverberi ke yi.

Akwai ɗan lissafin da zai hana a yi maka rufa-ido. Ka ninka bar da litar minti, ka raba da 600, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da famfon ke buƙata. Bar 200 sau lita 15 ya ba da 3,000, a raba da 600 ya zama kilowat 5, ban da abin da ke salwanta a hanya. Shi ya sa ake haɗa irin wannan famfo da injin fetur mai ƙarfin doki 13, kamar Honda GX390. To idan ka ga an manna takarda mai cewa bar 250 a jikin ɗan ƙaramin inji mai doki 6, ka san ko dai ruwan da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba, ko kuma takardar ce kawai.

Na biyu shi ne injin buroshi mai tsayuwa, wanda bai yawaita a wajenmu ba amma ya cika garejin safa da na tirela a Turai. Ka ɗauka wani dogon buroshi ne a tsaye, tsayinsa ya ɗan haura mita 4, kaurinsa kusan mita 1, an kafa shi a kan keke mai taya, rabinsa a rufe da murfi don kada ruwa ya fantsamo wa mai tuƙi. Buroshin yana juyawa, ƙananan bakunan feshi da ke jere daga sama har ƙasa suna zuba masa ruwa, mutum ɗaya yana tafiya da shi a gefen mota. Akwai mai igiyar lantarki, akwai mai batir, akwai mai dizal ko fetur, kuma manyan suna ɗauke da tankinsu na wajen lita 500. Bitimec da Iteco na Italiya suna cikin sanannun masu ƙera shi. A jikin safa ko tirela mai rufaffen bodi, cikin kamar minti 10 ya zagaye ta. Amma yana da sharaɗi: sai daɓe mai santsi da fili a kowane gefe. A filin ƙasa mai ramuka, abu mai wannan tsayi yana iya kifewa. Idan kana da motoci masu yawa iri ɗaya da ke kwana a gareji guda, shi ne naka. Idan kai ne mai bin motoci tasha-tasha, ka tsaya a kan mai bindiga, ka haɗa da buroshin hannu mai laushi da sanda mai ƙaruwa.

Mataki na 2: Ruwa, da yadda za ka ɗauke shi

Tankin nan fari mai kejin ƙarfe yana cin lita 1,000, wato jarka 40 ta 'yan garuwa mai lita 25. Da injin lita 15 a minti, zai kai ka minti 66 na matsa bindiga. Tirelar da ta ci minti 20 na feshi ta sha lita 300 ke nan, jarka 12. Da wannan lissafin za ka yanke kuɗin aiki tun kafin ka kunna inji.

Kada ka manta lita ɗaya kilo ɗaya ce. Cikakken tanki tan guda ne, ga inji, ga mesa, ga jarkokin sabulu. A-daidaita-sahu ba ta ɗaukar wannan. Akori-kura mai ƙwari ko ƙaramar tirela da ake ja ita ta dace, a ɗaure tankin da bel ta kusurwa huɗu, a ajiye shi saitin taya. Tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari a kan hanya, domin ruwan yana tambal-tambal, idan ka taka birki sai ya tura motar gaba.

Ka tabbatar ka san daga ina aka ɗebo tankin da abin da aka taɓa zubawa a ciki, ka wanke shi sosai. Ka sa shi ya fi famfo tudu ko kaɗan, mesar da ta haɗa su ta zama gajera mai faɗi, sannan ka sa matata a tsakani. Ruwan rijiya da na kududdufi suna ɗauke da yashin da ido ba ya gani, kuma shi ne ke cinye robobin famfo cikin 'yan makonni. Idan ka ji famfo yana kakkaɓa, mesa tana tsalle, to yana shaƙar iska ne ko ruwa bai ishe shi ba. Kashe shi ka duba kafin ka ci gaba.

Mataki na 3: Lokaci, wuri, da zagaye da direba

Kada ka yi wanki da tsakar rana. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi yana kai maki 40 har ya wuce, kuma ƙarfen da ke rana ya fi haka nesa. Sabulu yana taɓa shi zai bushe ya bar tabo. Bayan asuba ko bayan la'asar shi ne lokaci, kuma ka fara da gefen da ke inuwa. A lokacin hunturu ko babu rana iska tana busar da ruwa nan take, don haka ka riƙa ɗaukar jikin motar kashi-kashi, kamar mita 3 a lokaci guda.

Kafin ɗigon ruwa ya sauka, ka ce wa direba, "Oga, zo mu zagaya tare." Ku duba inda fenti ya ɗaga, da fitilar da ta tsage, da sitikar da bakinta ya ɗaye, da tamfol da ya yage. Ka nuna masa da hannu, ka ɗauki hoto da wayarka. Wannan minti biyar ɗin yana kashe rigimar da za ta iya cin yini. A kashe mota, a ja birkin hannu, a sa waigi a taya, a rufe gilasai, a naɗe madubai. Idan da injin buroshi za ka yi aiki, duk wata igiya ko bel da ke lilo a kwance ta ko a ɗaure ta tamau, domin buroshi yana kama ta zai nannaɗe ya fizgo abin da take riƙe da shi. Ka ɗaga kai kuma ka dubi sama. Wayar lantarki da ta ratso kan filin dalili ce ta a matsar da motar gaba ɗaya.

Kai ma ka shirya: takalmin roba mai dogon wuya, safar hannu, tabarau. Silifas ba na wannan aikin ba ne. Ƙarfin bar 7 kacal yana iya huda fatar mutum, kai kuwa kana riƙe da 200. Idan ruwan ya soki ƙafa ko hannu, ramin da za a gani ɗan mitsitsi ne, amma datti da sabulu sun shige can cikin nama. A tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita cewa injin feshi ne. Kuma a hana yara wasan fesa wa juna, ko sau ɗaya.

Mataki na 4: Jiƙa kafin komai

Ƙurar hunturu garin yashi ce. Idan ka ɗora soso ko buroshi a kanta tana bushe, daidai yake da goga samfefa a jikin fenti, kuma shi ya sa motoci da yawa ke dusashewa tun ba su tsufa ba. Don haka farkon aiki shi ne a sauke ƙurar da ruwa zalla.

Bakunan bindiga kala-kala ne, kuma kowace kala da faɗin feshinta. Ja yana fitar da ruwa tsinin allura, ba shi da faɗi ko kaɗan. Rawaya digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na zuba sabulu ne. A jikin bodi ka riƙe kore ko fari. Rawaya na shasi ne da laka da ta daskare a bayan taya. Jan kuwa ka cire shi daga akwatin ka ajiye a gida.

Ina faɗin haka ne saboda abin da ya faru a hannuna. Wata gingimari ce mai bodin katako, an yi mata zanen furanni da rubutun addu'a a goshi, irin wanda masu fenti ke zama su yi da hannu. Na matso da bindiga kusa don in fitar da kashin tsuntsu, sai na ga harafi biyu sun tashi tare da shi, katako ya fito fari. Direban dattijo ne, bai ɗaga murya ba, ya dai tsaya yana kallon wurin, ya ce mahaifinsa ne ya sa aka rubuta. Na biya kuɗin mai fenti, amma har yau abin yana damuna. Tun daga ranar ba na kusantar fenti da ƙasa da santimita 30, taƙi ɗaya da rabi ke nan, kuma a kan rubutu da sitika ina ƙara ja baya, in fesa kai-tsaye ba ta gefen bakinsu ba, don kada ruwa ya shiga ƙarƙashi ya ɗaye su.

Ka fara da ƙasan mota da tayoyi, inda laka ta fi yawa, don kada ta fantsamo wa wurin da ka riga ka wanke. Akwai wuraren da ba a nuna wa bindiga kusa: gefen taya, robar boris, tiyon birki, mahaɗar wayoyi, akwatin batir, bakin da inji ke shaƙar iska, da saƙar lagireto wadda ke lanƙwashewa nan da nan. Farantin da kan mota ke haɗuwa da bodi yana buƙatar giris ɗinsa, idan ka wanke shi ka gaya wa direba a sake shafawa. Tef mai ƙyalli da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke nema a jikin manyan motoci, a wanke shi a hankali. Shi ne ke nuna tirela ga mai tahowa da dare.

Mataki na 5: Sabulu daga ƙasa zuwa sama

Wannan yana ba mutane mamaki, amma haka ake yi. Idan ka fara zuba sabulu daga sama, zai gangaro ya tsaga layuka a jikin datti, kuma layukan suna nan ko bayan an dauraye. Daga ƙasa zuwa sama, ko'ina yana samun rabonsa daidai. Ka bar shi minti 3 zuwa 5 ya ci dattin. Idan ya fara bushewa, yayyafa masa ruwa.

Dattin hanya, wato hayaƙin dizal da baƙin mai da ƙura, sabulun mota mai ɗan kaifin kanwa ne ke narkar da shi. Ka bi ma'aunin da ke jikin jarka. Ninka shi ba ya ƙara tsafta, sai dai ya dusar da fenti. Omo yana wanki, amma yana barin farin gari, kuma idan bai narke sosai ba yana toshe inji. Inda giris ya yi kauri, ruwan zafi na maki 60 zuwa 80 ya fi kowane sabulu, idan injinka mai tukunya ne, sai dai a nisanta shi da sitika.

Abu biyu nake roƙon ka guje musu. Na ɗaya, sodar da ake yin sabulu da ita. Wasu na jiƙa ta don tana da arha, alhali tana cin alminiyom, tana baƙanta rim da tankin mai, tana ƙona hannu, kuma idan ta shiga ido tana iya makantarwa. Na biyu, ruwan da ake sayarwa don haskaka alminiyom. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik, wanda ke ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, sai bayan sa'o'i ciwon ya tashi, ya kai har ƙashi, yana kuma zaizaye gilashi. Duk jarkar da ba ta da takardar da ta faɗi abin da ke ciki, kada ta hau motarka. Kada kuma a taɓa haɗa bilic da asid, iskar da ke tashi guba ce.

Mataki na 6: Buroshi

Akwai wani siririn datti da ke manne wa fenti wanda feshi kaɗai ba ya ɗagawa, komai ƙarfinsa. Ka gwada: fesa wuri har ka gaji, ka bari ya bushe, ka shafa yatsa. Za ka ga sawu. Sai an taɓa shi.

Da buroshin hannu, ka riƙa tsoma shi a bokitin ruwa mai tsafta bayan kowane kashi, kuma kada ka ajiye shi a ƙasa ya kwashi yashi. Na taya daban, na bodi daban.

Da injin buroshi, ka kunna ruwa tukuna, sannan juyi, sannan ka matso da shi. Bakin gashin kaɗai ya kamata ya riƙa taɓa mota. Idan ka danna shi har gashin ya kwanta, wankin ya ragu, injin yana wahala, fenti yana shan bulala. Ka yi tafiya irin ta mai rakiyar tsoho, ba tsayawa, domin inda ka tsaya yana juyawa nan zai bar alama. Yawancinsu ana iya ɗan karkata su don su bi goshin safa. A wurin madubi da abin share gilashi ka ja baya ka ƙarasa da hannu. Bodin shanu mai sanduna da gingimari mai ƙugiyoyi ba nasa ba ne.

Mataki na 7: Dauraya daga sama zuwa ƙasa

A nan ne yawan ruwa ke nuna amfaninsa. Farin baki, layi bisa layi, kowane layi ya ɗan hau kan na baya, kana kora kumfa ƙasa. Ka kula da lungunan ƙofa da bakin rufi, inda sabulu ke ɓuya ya zubo daga baya. Ruwan burtsatse na wasu unguwanni yana barin farin ɗigo idan ya bushe, don haka a share gilashi da madubi da robar jan ruwa tun suna jiƙe. Ka tuna wa direba ya ɗan tattaka birki a farkon tafiya don ya bushe.

Tankar mai da motar dabbobi

Tankar da aka sauke wa kaya ba ta zama lafiya lau ba, cikinta cike yake da tururin fetur, kuma shi ne ke kamawa. Aikinka jikinta na waje ne kawai. A tabbatar murafen sama da bakunan sauke mai a rufe suke, injinka ya tsaya nesa ta inda iska ke fitowa, ba sigari, ba mai shayi kusa. Idan kana jin warin fetur ko ka ga yoyo, ka ce a gyara tukuna. Kada ka yarda a ce ka zura bindiga ciki ka ɗauraye. Feshin ruwa mai ƙarfi yana tara lantarki a cikin hazonsa, kuma a Disambar 1969 manyan jiragen ruwan dakon mai uku, Marpessa da Mactra da Kong Haakon VII, sun yi bindiga a tekun Afirka cikin wata guda, duk ana tsakiyar wanke tankunansu. Wankin cikin tanka aikin masu kayan auna iska ne.

Motar da ta sauke shanu ko kaji, a kwashe kashi da shimfiɗa da shebur kafin ruwa, a wanke da sabulu, sannan a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya daɗe yadda takardarsa ta ce. Magani a kan kashi ba ya aiki. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 masu gonakin kaji suka san mota da kejinta suna yawo da cuta daga gona zuwa gona, don haka wannan aiki ne da za ka iya nema a wajensu.

Kwantena

Da buɗe tashoshin tsandauri, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024, kwantena ta ƙara yawa a Arewa, ga masu fitar da riɗi da zoɓo da citta, ga kuma masu mai da ita shago ko ofis. Mai ƙafa 20 tsawonta mita 6.06 ne, mai ƙafa 40 mita 12.19, faɗinsu 2.44, tsayi 2.59, doguwar kuma 2.90. Gefe biyu da gaba da baya na mai ƙafa 40 sun kai murabba'in mita 76, ban da rufi. Da wannan za ka yi ciniki.

Jikinta kwari da tudu ne a tsaye, saboda haka ka bi kwarin daga sama zuwa ƙasa, ka bi ta sau biyu, kana karkata bindiga dama a zuwa, hagu a dawowa, in ba haka ba gefe ɗaya na kowane kwari zai rage da datti. Kada ka matsa wa robar ƙofa, da ƙananan ramukan shan iska da ke sama, da lambobin jiki, da farantin ƙarfen da ke ƙofar hagu mai ɗauke da bayanan ingancinta. Inda tsatsa ta fito, feshi zai ɗaga fentin da ya mutu, ka gaya wa mai ita a shafa fenti da wuri.

Cikinta ne wurin hattara. Ka tambayi abin da aka ɗauko. Ka buɗe ƙofa kana tsaye a gefe, ka bar ta ta sha iska sosai kafin kowa ya shiga. Kwantenar hatsi sau da yawa an sa mata ƙwayar fostoksin, maganin kashe ƙwarin hatsi. Idan ka ga garin toka-toka a takarda ko ƙyalle a lungu, ko ka ji wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, kada ka zuba ruwa. Ragowar maganin yana haɗuwa da danshi ya saki iskar da ke kisa, har tana iya kamawa da wuta. A kira wanda ya sa maganin ya kwashe. Injin fetur kuma a waje yake tsayawa, nesa da ƙofa, domin hayaƙinsa yana kashe mutum a rufaffen wuri ba tare da ya ankara ba. Daɓen katako ne, a share, a wanke da ruwa kaɗan, a bar ƙofa buɗe har ya bushe ƙarau. Riɗin da aka loda a kan danshi zai isa da fumfuna.

Bangon gini

Bango bai kai ƙarfe juriya ba. Filasta da fentin ruwa suna ɓarewa a ƙarfin da tirela ba za ta ji ba. Ka sassauta inji sosai, ka sa farin baki, ka tsaya nesa, ka gwada a wani lungu da ba a gani, ka jira ya bushe kafin ka yanke hukunci. A rufe tagogi, a liƙe soket da mita da fitilun waje da leda, a jiƙa shukokin da ke gindin bango. Kada ka fesa sama ta ƙarƙashin rufi ko bakin taga, ruwa zai shige silin.

Baƙi da koren gansakuka da damina ke bari, ba ƙarfi ke fitar da su ba. Bilic na gida kashi 1 a ruwa kashi 3, a fesa da injin goyo irin na gona wanda ba a taɓa zuba masa maganin ciyawa ba, a bar shi kamar minti 10, a goga, a dauraye. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bango kuwa a kankare shi a bushe, domin ruwa ne ya kawo shi, ƙarin ruwa zai sake fito da shi. Allunan alminiyom da ake lulluɓe bankuna da manyan shaguna da su, da gilashi, sabulu mai laushi da buroshi mai laushi suke so.

Ginin ƙasa, ko an shafe shi da makuba ko siminti, ba a kai masa wannan inji sam. Irin katangar Gidan Makama da tsofaffin zaurukan birni masu zane, feshin minti ɗaya zai zubar da aikin da magina suka yi da hannu, ya kuma buɗe wa ruwa hanya. Tsintsiya mai laushi da yaɓe su ne gyaransu.

Kada ka riƙe bindiga a kan tsani. Tana harbawa baya lokacin da ka matsa, kuma hannunka biyu na kanta. Akwai sanda mai ƙaruwa da ke kai wajen mita 7 kana tsaye a ƙasa, wadda ta isa bene hawa ɗaya. Abin da ya wuce haka sai an kafa dandamali ko an ɗauko mota mai kwandon ɗaga mutum, da bel a ƙugu. Layukan lantarki masu kilobolt 11 da 33 suna bin gaban gine-gine da yawa a garuruwanmu, wutarsu tana tsallakowa ko ba a taɓa waya ba, kuma jiƙaƙƙiyar sanda hanya ce gare ta. Idan layi na kusa, sai an ɗauke wuta a hukumance, ko a bar wannan ɓangaren.

Ruwan da ya zuba, da injin bayan an tashi

Ruwan wankin babbar mota yana ɗauke da baƙin mai da sabulu. Idan ya bi kwata, ƙarshensa rafin da ake ban-ruwan lambu ne ko kusa da rijiyar wani. A wurin da kake yawan aiki ka gina rami mai ɗaki uku: a na farko yashi ya kwanta, a na biyu mai ya taso sama a kwashe, bututun da ke kai ruwa na uku ya ɗebo daga ƙasa. Man da aka kwashe a tara shi a durom. Inda ka je aikin yini ɗaya, buhunan yashi sun isa su tare ruwan su karkatar da shi daga rijiya da ƙofar mutane.

Kada ka bar inji yana aiki fiye da minti 2 ba ka matsa bindiga ba, ruwan da ke zagaye cikin famfo yana zafi ya ƙona robobi. Idan za ka amsa waya, kashe shi. In an tashi, ka ja ruwa zalla ta bututun sabulu na minti ɗaya, ka kashe inji, ka matsa bindiga ƙarfin da ya rage ya fita, sannan ka kwance mesa. A naɗe ta ba tare da lanƙwasa ba, kuma duk wadda wayar cikinta ta fito a canza ta, ba a ɗaure ta da roba. Man famfo ana canza shi bayan awa 50 na farko, daga nan kusan kowace awa 500, na inji kuma bisa littafinsa. Kowace safiya ka leƙa ɗan gilashin da ke jikin famfo: idan man ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza robobi kafin a sake kunnawa. A lokacin hunturu matatar iska ta inji tana son a kakkaɓe ta kullum, buroshi kuma a dauraye shi a rataye, gashinsa bai taɓa ƙasa ba.